Littafin Ruɓar Itace da Ɗorawar Gwaggo

Littattafai uku na fito da su daga aikin daji, har yau kuma suna nan cikin akwatina na ƙarfe. Ɗaya na cututtukan itatuwa ne, ɗaya na ƙwarin daji, na ukun kuwa, wanda ya fi su ƙanƙanta, na naman kazan nan ne da ke fitowa a jikin itace yana ruɓar da shi. A cikin na ukun akwai wani shafi mai tabon babban yatsa a gefe, tabon maiƙo, ya yi duhu saboda daɗewa. Jikokina sun sha tambayata wane ƙazami ne ya ɓata mini littafi. Yatsan gwaggona ne, yayar mahaifina, kuma ban taɓa ƙoƙarin goge shi ba.

A zamanin En'e ne. Na gama Midil a Zariya, aka ɗauke ni malamin daji, aka turo ni Ikara, rangadina ya haɗa da Makarfi da Kudan da ƙauyukan da ke tsakani. Aka ba ni kaki da keke da gwangwanin jan fenti. Littattafan ba sa cikin kayan aiki. Baturen daji ne ya ba ni su daga cikin nasa, wani dogon mutum marar magana, wanda in ya sauko daga mota sai ya fara shafa jikin itace kafin ya amsa gaisuwar mutane. Ya ga ina karanta Turanci ba tare da na aza yatsa a kan layi ba, sai ya miƙo mini su, ya ce in riƙe har ya dawo daga hutu. Bai dawo ba, wani aka kawo, ni kuwa ban ga dalilin da zai sa in tayar da maganar ba.

Ba don ƙasarmu aka rubuta su ba. Yawancin itatuwan da ke ciki ban taɓa ganin irinsu ba, har yau ma ban gani ba. Babu ɗorawa, babu kaɗanya, babu gawo. Amma ruɓa iri ɗaya ce ko'ina. Akwai zanen gungume an tsaga shi biyu, wajensa lafiya lau, cikinsa ya koma kamar dusa. Akwai tsutsar da ke haƙa hanya a ƙarƙashin ɓawo, an zana ta da girma har kana ganin bakinta. Akwai kuma naman kaza mai tauri da ke manne wa gindin itace hawa-hawa, kamar an kakkafa rabin faifai. Duk waɗannan na san su tun ina ƙarami, ina wuce su a hanyar gona ko kallo ba su ishe ni ba. Da na gan su a takarda, kowanne da sunansa mai tsawon kamu guda, sai suka yi mini kwarjini.

Har wurin baduku na kai ƙaramin littafin a kasuwar Makarfi, ya ɗinka masa gafaka. Da mahaifina ya gan ta rataye a kafaɗata, ya tambaye ni wane littafin fiƙihu na samu. Na buɗe masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Gafaka ka yi wa ruɓaɓɓen itace?" Ni kuwa a lokacin kaina ya riga ya kumbura, magana ba ta shiga.

Dokar daji ta hana sare itacen amfani, irin su ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, ko da a tsakiyar gonarka yake. Sai in ya mutu, ko ya kamu da ciwon da ba zai tashi ba. Wanda zai duba ya ce ya kamu kuwa, ni ne. In na ƙwanƙwasa, na duba littafi, na gamsu, sai in shafa masa jan fenti in rubuta takarda, sannan gatari ya halatta. Shekarata ashirin da 'yan kai, amma dattawa masu furfura suna tashi su ba ni tabarma. Irin wannan ba ya yi wa matashi kyau, ni ma bai yi mini ba.

Asalinmu Saulawa. Tun kakanmu yana da rai ya tara shaidu a gonarsa, ya nuna wata ƙatuwar ɗorawa da ke tsakiyarta, ya ce wannan ta 'yarsa ce. A wurinmu ba baƙon abu ba ne ƙasa ta zama ta wani, itacen da ke kanta na wani. Da ya rasu gonar ta faɗa hannun maza, ta gangaro har ta zo ga ɗan baffana, wanda nake kira Yaya. Ɗorawar kuwa tana nan ta Gwaggo.

Gwaggo mijinta ya rasu da wuri, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya rayu. An yi an yi ta dawo gidan 'yan'uwa, ta ƙi. Ta zauna a ɗan gidanta na bakin gari, ɗaki ɗaya da rumfa da murhu mai manyan duwatsu, ita da ɗorawarta. In bazara ta yi, 'ya'yan sun nuna, sai ta sa a kakkaɓo mata da doguwar gora mai ƙugiya. Garin ɗorawar ya tafi kunu, ɓawon ya tafi wurin masu daɓen ɗaki, kalwar kuwa ta shiga tukwane, ita ce ta shekara. Duk mako sai ta dafa kalwa wuni guda cur, ta surfa ta da toka, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe da ganye kwana uku har warin ya kai gidan maƙwabta, sannan ta kirɓa ta mulmula. Daddawarta har daga Kudan ana aikowa nema. Da ita take ci, da ita take sutura, da ita take zuwa biki da suna da abin hannunta. Abin alfaharinta ɗaya ne a duniya, kuma ba ta gajiya da faɗinsa: tun da mijinta ya rasu ba ta taɓa tsayawa a ƙofar kowa ta ce a san mata ko gishiri ba.

Sunan kakanmu aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Babana take ce mini. In na je, ko da kakina da gafakata, sai ta zaunar da ni a kan turmi ta tuƙa mini tuwon dawa da miyar kuka, ta zauna tana kallona har in cinye, tana yi mini tsiya wai boko ya ramar da ni.

Abin ya faro ne wata bazara, lokacin sassabe, ana ta tara kara ana ƙonawa a gonaki. Na zo rangadi Saulawa na ga mutane suna jibga kara a gindin itatuwa suna cinna wuta, don nan ne ya fi sauƙin tarawa. Raina ya ɓaci. Na roƙi dagaci ya tara mini magidanta bayan la'asar a zaurensa. Da niyya mai kyau na yi, wannan kam ko a gaban Allah zan faɗa. Amma akwai son a ga littafin a ciki.

Na zare shi daga gafaka a hankali, na buɗe shafin gungumen da aka tsaga, na zagaya da shi kowa ya gani.

"Ku dubi nan," na ce. "Muddin ɓawon itace yana nan lafiya, wannan abu ba ya iya shigarsa. Amma in wuta ta ƙona gindinsa, ko gatari ya ji masa rauni, to an buɗe masa ƙofa. Zai shiga ya riƙa cin cikin itacen a ɓoye. Ranar da kuka ga wannan faifan ya fito a gindi, aiki ya riga ya gama."

Wani dattijo ya ce, "To Malam, in ya shiga, mene ne maganinsa?"

"Babu," na ce. "Sai sara. Irin wannan ko doka ba ta hana a sare ba."

Zauren ya yi tsit, na ɗauka tsoro ne ya kama su. Sai Yaya ya gyara zama. Shi mutum ne mai sanyi, ko a taron gida ba a cika jin muryarsa ba, amma ran nan ya yi ta jero tambayoyi. Raunin sai babba, ko ƙarami ma ya isa? A sama ya fi kamawa ko a ƙasa? Da rani ko da damina? Shekara nawa kafin abin ya fito a gani? Daɗi ya kama ni. Na riƙa buɗe shafi ina fassara masa layi-layi: kusa da ƙasa ya fi, inda laima take zama, kuma raunin da aka yi gab da faɗuwar ruwa ya fi saurin kamuwa. Har na juya na ce wa sauran su yi koyi da shi. Da na koma Ikara na rubuta a rahotona cewa manoman Saulawa suna da ƙishin ilmi.

Irin wannan karatu na yi shi a Furana, na yi shi a wasu ƙauyuka biyu ko uku. Ko'ina sai in sami mai tambaya irin ta Yaya, in dawo ina jin na yi aiki.

Damina huɗu ta wuce, ta biyar ta bi. Sai masu neman takardar sara suka fara yawa. Yau wannan, jibi wancan, kowa ɗorawarsa ba ta da lafiya, ko kuwa ɗorawar wani da ke cikin gonarsa. In na je kuwa sai in tarar gaskiya ne, ga faifan nan a gindi, in na buga ƙotar gatari a jiki sai ta amsa kamar ganga. Na shafa fenti har gwangwani ya ƙare aka kawo wani. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na yanke cewa annoba ce ta shigo. Na ɗauko littafin ƙwari na shiga farauta. Duk ƙwaron da na gani a jikin ɗorawa sai na kama shi na jefa a kwalba, na liƙa takarda, na aika Zariya. Mutane suna wucewa suna ganin malamin daji a durƙushe da kakinsa yana bin buzuzu, suna yi mini sannu da aiki. Yanzu na san abin da suke faɗa in sun ba da baya.

Ran nan da hantsi, tsakiyar rani, Yaya ya zo mini ofis a Ikara. Muka gaisa, ya gida, ya iyali, ya mutanen Saulawa, ya aka ji da zafi. Ya yi ta murza hularsa a hannu. Can ya ce, "Ɗorawar Gwaggo ce ba ta da lafiya. Na ce gara ka zo ka duba da kanka, kafin ruwa ya sauka."

Washegari na hau keke. Tun daga nesa na hango ta, jajayen furanninta suna reto kamar tuntun hula, amma rassan sama na gefe ɗaya sun bushe. Na zagaya bayanta, ɓangaren da ba ya kallon hanya. Faifan nan har uku, ɗaya bisa ɗaya. Na buga ƙota, ta amsa. Na san abin da itacen nan yake a wurin mai shi.

Da ta wani ce, da na shafa fenti na wuce. Saboda ta Gwaggo ce na tsaya ina neman hanyar da zan ƙaryata littafin. A nan na lura an tara ƙasa a gindin, ta fi ta sauran wuri tudu. Na karɓi fartanyar Yaya na fara tonawa. Kamu ɗaya na ci karo da gawayi. Ƙarƙashinsa ƙasa, ƙarƙashinta wani gawayin, kamar an jera shekara bisa shekara. Da na kai ga jikin itacen sai ga saran gatari, tsaf, an zagaye kusan rabin gindin, a daidai inda laima take zama.

Na miƙe tsaye. Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ran nan. Na ce masa azzalumi, na ce masa maci amana, na ce tsohuwar da ba ta da kowa ya rasa wanda zai cuta sai ita. Na rantse sai na kai shi gaban alƙali. Ya bar ni har na gaji, yana kallon ƙasa.

"Kai ka karanta mana," ya ce. "Ni kuwa na saurara."

"Don ku kiyaye na karanta."

"Na sani." Ya nuna da hannu. "Ka taɓa zuwa da kaka ka ga dawar da ke ƙarƙashinta? Ba ta kai ƙuguna ba. Daga nan har wancan shurin duk inuwa ce. Baki tara nake ciyarwa, rumbuna ba ya kai mu ga sabuwa. Na roƙi Gwaggo a rage rassa, ta ce hannun mahaifinta ne ya nuna mata su, ba mai taɓawa. Na je wurin dagaci, ya ce doka. Na rasa ta inda zan bi, sai ga ka da littafi." Sannan ya ƙara, "In za ka kai ni, kai ni. Amma ka faɗa wa alƙali inda na koya."

Na san rumbun nan nasa, na san yaransa, na sha ganin matarsa tana auna tsaba da ƙaramin ƙoƙo tun kafin gero ya fitar da kai. Fushina bai tafi ba, sai dai ya rasa wurin sauka, ya dawo kaina.

A hanyar komawa na ratsa gonaki uku da na taɓa shafa wa itatuwansu fenti, na tona gindin kututturan. Gawayi da sara, gawayi da sara. Annobar da na cika kwalabe ina nema ashe a gafakata take rataye.

Kwana uku na yi a Ikara ban fita rangadi ba, na baje littattafan nan uku a tabarma ina neman magani. Na bi su shafi-shafi, har ƙananan rubutun ƙasa. A nan na gane halinsu. Gwanaye ne wajen faɗin sunan ciwo da yadda yake shiga da yadda yake ci, amma in aka zo magani sai su yi rowa. Duk inda na buɗe magana ɗaya ce: a sare, a ƙone kututturen, kada ya harbi na kusa. Ɗaya ma ya ƙara da gargaɗi cewa irin wannan itace yakan faɗi ba sallama in iska ta taso. Gonar kuwa yaran Yaya suna wuni a cikinta da damina.

A rana ta huɗu na tafi wurin Gwaggo. Na same ta a rumfa tana mulmula daddawa, ragowar kalwar bara, hannuwanta duk maiƙo. Ta yi murna, ta jawo mini turmi, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, na rasa ta inda zan fara.

"Babana, yau bakinka da magana," ta ce. "Fito da ita, ba ta cizo."

Na faɗa mata ɗorawar ta kamu. Ta ce ai ta lura, shekara uku ke nan 'ya'yan suna raguwa, ta ɗauka tsufa ne, tare suke tsufa. Da na so, da na bar ta a haka, har ma na buɗe baki zan ce haka ne. Sai na kasa. Na faɗa mata gawayin da saran. Na faɗa mata zauren dagaci, da tambayoyin, da yadda na riƙa fassarawa layi-layi ina jin daɗi. Ban rage nawa ba, ban ƙara wa Yaya nasa ba.

Ta ajiye curin da ke hannunta a kan faifai, ta gyara shi ya yi daidai da 'yan'uwansa.

"Nuna mini," ta ce.

Na buɗe shafin. Ta goge hannu a zane, gogewar da ba ta isa ba, ta karɓa ta riƙe gefen da babban yatsa, ta kai shi bakin rumfa inda haske yake. Ta kalli gungumen da aka tsaga, ta kalli dusar da ke cikinsa.

"Haka cikinta yake yanzu?"

"Haka yake, Gwaggo."

"Su masu littafin, su ma itatuwansu suna mutuwa haka?"

"Suna mutuwa."

"Allah sarki," ta ce. "Shi ya sa suka zana shi da kyau. Wanda bai yi rashi ba, ba zai zauna ya zana wannan ba."

Ta miƙo mini. Na ce mata in ta yarda gobe zan kai Yaya ƙara. Ta kalle ni irin kallon da take mini ina yaro in na yi wauta.

"In aka ɗaure shi itacen zai warke?"

"A'a."

"To wa zai noma wa yaran? Ba inda za ka kai shi. Abu ɗaya nake so. Ta yi fure, ka bar ni in kwashi na bana. In na kwashe, ka zo da fentinka. Kai da kanka, kada ka aiko kowa, kuma ina tsaye."

Haka aka yi. Wata biyu bayan nan, hadari ya fara haɗuwa a gabas, aka kakkaɓe mata 'ya'yan ƙarshe. Ba su kai rabin na da ba. Na zo da gwangwanina. Yaya yana can gefe da masu gatari biyu, ya kasa matsowa. Gwaggo ta tsaya kusa da ni da mayafinta, ta dafa jikin itacen da tafin hannu kamar mai jin zafin jikin marar lafiya. Na tsoma buroshi na ja layi ja, har fentin ya ɗiga a takalmina.

"To," ta ce a hankali, ba da faɗa ba. "Baba ya ba ni, Babana ya karɓe. Allah ya sa haka ya fi alheri."

Na fi son da zagina ta yi. Da aka kayar da itacen, cikinsa ya fito daidai da zanen, ko kuskure babu, ana iya ɗibarsa da hannu. Littafin bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya, wannan ma yana cikin abin da ya fi ci mini rai. Rassan da ba su ruɓe ba Gwaggo ta sa aka faskara aka kai mata gida, ta ce nata ne. Da su ta dafa kalwar ƙarshe. Da daddawar ta yi, ta raba wa dangi, har gidan Yaya ta aika, nawa kuma ta ƙulle a ganye ta ba mai zuwa Ikara.

Tun daga ran nan ban sake buɗe wannan shafi a gaban taro ba. Ina hana tara kara a gindin itace, amma in wani ya gyara zama ya fara tambayar shekara nawa abin yake ɗauka, sai in ce Allah ne masani. Kafin in shafa fenti kuma sai na tona gindi. Masu neman takarda suka ragu, aka yaba mini a ofis wai na shawo kan annoba. Na karɓi yabon, don ban san yadda zan rubuta gaskiyar a rahoto ba.

Gwaggo ta gwada karɓar kalwar wasu tana dafa musu, amma masu ɗorawa sun ragu a Saulawa, ƙarfinta ma ya ragu. Ba a yi shekara biyu ba murhun nan mai manyan duwatsu ya huce. Yaya da kansa ya zo da jaki ya kwashe kayanta, ya ba ta ɗakin da ya fi kowanne kyau a gidansa. Gaskiya ya riƙe ta da mutunci, kwanonta ake fara zubawa, matarsa ba ta taɓa ɗaga mata ido ba. Inda ɗorawar take kuwa dawa ta yi tsayi har ta fi mutum, rumbunsa ya fara kai su ga sabuwa. Baki goma yake ciyarwa yanzu, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Wata rana da kaka na biyo ta Saulawa daga Furana, na jingine keke a zaure na shiga gaishe ta. Ta rame, amma tsiyar tana nan, ta ce har yanzu boko bai bar ni na yi ƙiba ba. Ta rantse ba zan tafi ba sai na ci tuwo, kuma miyar ita za ta kaɗa da hannunta kamar da. Ta hura 'yar wuta a ƙofar ɗakinta, ta ɗora tukunya, ta ɗauko kuka da barkono. Sai na ga ta tsaya tana lalube cikin ƙwarya, ta buɗe wani ƙoƙo ta rufe, ta buɗe wani. Ta ɗan jima a tsaye. Sannan ta gyara mayafi ta taka a hankali zuwa ƙofar madafin matar Yaya, ta rage murya don kada in ji, amma tsakar gidan ƙarama ce.

"'Yar nan," ta ce, "ko za ki san mini daddawa kaɗan? Babana ne ya zo."

Matar ta fito da sauri, ta durƙusa ta miƙa mata da hannu biyu. Gwaggo ta yi godiya har sau biyu, ta dawo ta marmasa ta a tukunya. Ni ina kan turmi, gafaka a cinyata, na sunkuyar da kai kamar mai gyaran igiyar takalmi. Da ta kawo tuwon ta zauna tana kallona kamar yadda ta saba. Na cinye shi duka, don kada ta tambaye ni abin da ya same ni.